Daga Barga Zuwa Jami'a: Tarihin Ilimin Doki da Dabbobin Gida da Matsayinsa a Wurinmu

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani al'amari ne da ya faru a gidanmu shekarun baya. Ɗan ƙanena ya gama sakandare, ya nemi gurbin karatun likitancin mutane a jami'a, sai aka ba shi likitancin dabbobi. Ranar da labarin ya iso, gidan ya yi tsit kamar an yi rashi. Mahaifiyarsa cewa ta yi ashe duk ɗawainiyar da aka sha, likitan karnuka za a samu. Bayan sallar isha'i ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, shawara na zo nema. In karɓa ne, ko in haƙura in sake jarrabawa baɗi?" Na ce masa, "Gyara zama tukuna, ɗana, in ba ka labarin kakanka da wani kili."

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, muri ne, wato shugaban masu kula da dawaki a gidan wani hakimi a ƙasar Kano. A barga na tashi, da warin harawa da ƙarar ragama na yi wayo, kafin boko ya ɗauke ni ya kai ni aikin gwamnati, inda na yi shekara 35. Da na yi ritaya sai na koma bin diddigin abin da na baro a baya. Wannan maƙala ita ce amsar da na ba yaron nan a daren, na faɗaɗa ta domin malaman makaranta da dattawa masu sha'awar tarihi. Manufarta ita ce a nuna yadda ilimin doki da na dabbobin gida ya shiga jami'a a duniya, da hanyar da ya biyo ya iso mana, da kuma dalilin da ya sa har yanzu ilimin barga da na jami'a ba su gama haɗuwa ba a ƙasarmu.

Doki a Tarihin Kano

Duk wanda ya karanta kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, zai ga cewa da wuya a wuce zamanin wani sarki ba a ambaci doki ba. An ce Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki su kuma suna aiko masa da bayi. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi aka danganta wa dawakin zage, wato dawakin da ake ja a gaban sarki ba kowa a kansu, tare da kakaki da figini. A wajen Borno kuwa, matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Borno kan sayi doki ɗaya daga fataken Arewacin Afirka a bakin bayi 15 zuwa 20. Wannan ciniki abin baƙin ciki ne a tarihinmu, amma yana nuna irin tsadar da doki ya yi a lokacin da ƙarfin daula ke rataye a wuyansa.

Haka kuma sarautunmu sun isa shaida. Madaki asalinsa mai dawaki ne, wato jagoran mahaya a fagen fama. A cikin masu zaɓen sarki huɗu na Kano, biyu sunansu daga doki ya fito, su ne Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ga Sarkin Dawakin Tsakar Gida, ga Shamaki wanda bargar sarki ke hannunsa. Ga garuruwa irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Harshen kansa ya tara wa doki sunaye masu yawa: ingarma da goɗiya da duƙushi da ƙuru, sa'annan ta fuskar launi akwai akawal da kili da danda da bikili da hurde da gunya da bidi. Makaɗa ma ba a bar su a baya ba, domin Ibrahim Narambaɗa ya yi wa dokin sukuwa Ɗanfilinge waƙa sukutum.

Wani abin lura shi ne cuta ce ta shata wa doki iyaka. Kudancin ƙasar Hausa, inda ƙudan tsando ya yi yawa, doki ba ya daɗewa sai sammore ya kama shi ya rame ya mutu. Saboda haka rundunar dawaki ba ta iya zama cikin kurmi. Magabata sun san wuraren da doki ba ya kwana lafiya, sun san lokutan da ba a fita da shi, tun kafin a san ƙwayar cutar da ke cikin bakin ƙudan.

A 1903 wannan zamani ya ƙare. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, kuma bindiga mai ruwan harsashi ta nuna cewa lifidi ya gama aikinsa. Doki ya koma na rangadin hakimai da joji-joji, da hawan salla, da sukuwa, da wasan folo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) ya rungumi folo, ɗansa Usman Nagogo (1944 zuwa 1981) ya shahara a cikinta har ƙasashen waje. An yi manyan hawan daba a Kano a 1925 domin Yariman Wales, da Kaduna a 1956 domin Sarauniyar Ingila, da kuma 1977 lokacin bikin FESTAC. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Ilimin Barga

Duk wannan tarihi da na zayyano, akwai waɗanda ke bayansa da ba a rubuta sunansu ba, su ne masu kwana a barga. Ilimin da ke hannunsu ba a allo yake ba, ba a littafi yake ba, daga uba zuwa ɗa yake tafiya. Mahaifinmu kan buɗe bakin doki ya dubi haƙoransa ya faɗi shekarunsa. Yakan sa a ja doki a gabansa sau biyu, ya ce ɗingishin nan daga kofato yake ko daga kafaɗa. Ya san lokacin ba da kanwa, ya san harawar da ta yi fumfuna ba ta shiga bakin doki, ya san ba a shayar da dokin da ya dawo sukuwa yana huci sai ya huce. Kafin ya karya kumallo sai ya zagaya turaku ya dubi kashin kowane doki da sauran abincin da ya bari.

Ga labarin kilin da na ba ɗan ƙanena. A farkon shekarun 1970, ina ajin ƙarshe na firamare, hakimi yana da wani kili da yake ji da shi, shi zai hau ranar salla. Saura kwana uku a sha ruwan ƙarshe, sai wani daga cikin barorin gidan, don neman suna, ya riƙa ɗebo dawa a ɓoye yana zuba wa kilin, wai don ya cika ido ranar hawa. Mahaifinmu ya sha faɗa cewa ba a ƙara wa doki hatsi rana ɗaya, da kaɗan-kaɗan ake yi. Daren jajibere sai kilin ya fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, gumi na zuba, ya kwanta ya tashi, ya nemi yin birgima. Aka ɗura masa jiƙon maɗaci da kanwa, aka yi ta zagaya fili da shi, ni ne mai riƙe fitila. Kafin kiran assalatu ya faɗi, bai sake tashi ba. Hakimi bai yi faɗa ba, ya ce ƙaddara ce, ya hau wani dokin. Amma mahaifinmu bai ci tuwon salla ba a shekarar, kuma har ya bar duniya yana ambaton wannan doki.

Sai bayan fiye da shekara goma na san abin da ya kashe kilin. A 1983, da annobar bushiya ta dawo kan shanu, ina ƙaramin akawu aka haɗa ni da ayarin masu allura, muna yawo rugage. Wani dare na ba likitan da ke jagorantar mu labarin. Ya ɗauki tsinke ya zana mini cikin doki a ƙasa. Ya ce tumbin doki ƙarami ne in an kwatanta da girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, domin an halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan mafi yawan yini. Kuma doki ba ya iya amai. Idan hatsi ya yi yawa lokaci ɗaya, sai ya wuce babban hanji bai narke ba, ya yi tsami, iska ta taru, wani lokaci hanjin ya murɗe. Ya ce da an sami likita da wuri, da ya zura roba ta hanci zuwa tumbi ya rage abin da ke ciki, ya yi allurar kashe zafi, mai yiwuwa a dace.

A daren na fahimci cewa mahaifinmu ya san dokar amma bai san dalilinta ba. Likitan kuwa ya san dalili, sai dai da bakinsa ya gaya mini bai taɓa kwana a barga ba, kuma ba zai iya bambanta bidi da hurde ba.

Yadda Doki ya Buɗe Ƙofar Makaranta

Rubuta ilimin doki ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Larabawa suna kiran fannin baiɗara. Tun zamanin Abbasiyawa malaman lugga irin su Abu Ubaida da Asma'i suka wallafa littattafai a kan dawaki, Ibn Akhi Hizam kuma ya yi rubutu a kan hawa da maganin doki a ƙarni na 9. A Masar, a ƙarni na 14, babban likitan bargar Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, wato Abubakar ɗan Badr, ya rubuta littafin Kamilus Sina'ataini, wanda ya tattara cututtukan doki da magungunansu. Wannan sarki shi ne Mansa Musa na Mali ya tarar a Alƙahira a kan hanyarsa ta hajji a 1324.

Amma makaranta mai aji da jarrabawa da takardar shaida, a Faransa aka fara ta. Wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, shugaban makarantar koyon hawan doki ne a birnin Liyon. Ya ga cewa maƙeran da ke sa wa dawaki takalmin ƙarfe su ne ke yi musu magani, kowa da irin tasa, sai ya haɗa kai da likitocin fiɗa na birnin ya nazarci ƙirar jikin doki. A 1761 Sarki Luwi na 15 ya ba da izini, a farkon 1762 ɗalibai suka fara karatu. Bayan 'yan shekaru ya buɗe ta biyu a Alfort kusa da Faris. Gaskiya ne annobar shanu da ta addabi Turai a wancan ƙarni ta taimaka wajen shawo kan hukuma ta ba da kuɗi, amma doki ne ginshiƙin karatun, domin a kansa yaƙi da sufuri da aika saƙo suka dogara.

A Ingila ma doki ne sila. Akwai wani dokin sukuwa mai suna Eclipse da ya yi tsere 18 ba a taɓa wuce shi ba. Da ciwon ciki ya kashe shi a 1789, irin wanda ya kashe kilin hakiminmu, sai aka nemi wanda zai buɗe gawarsa a ga sirrin gudunsa. Wanda ya yi aikin wani Bafaranshe ne da ya yi karatu a Liyon, Charles Vial de St Bel, kuma shi ne ya zama shugaban farko na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan da aka kafa a 1791. Daga nan abin ya bazu: Edinbara a 1823, Masar a zamanin Muhammad Ali wajen 1827, jihar Iowa ta Amurka a 1879, sai Onderstepoort a Afirka ta Kudu a 1920.

Da mota da tarakta suka karɓe aikin doki, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai likitocin Turai suka juya ga shanu da aladu da kaji, sa'annan ga karnuka da kyanwoyin da mutanen birni ke ajiyewa domin ɗebe kewa. A 1957 aka kafa ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta Birtaniya. Doki kuma ya dawo ta ƙofar wasanni da sukuwa, inda kuɗi masu yawa ke yawo. Wannan ne ya haifar da sabon digiri na kimiyyar dawaki da na dabbobin ɗebe kewa, kamar wanda ake yi a Hartpury ta Ingila, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 2018, da Jami'ar Kentucky ta Amurka, a jihar da ta shahara da kiwon dawakin tsere.

Mu Kuwa Saniya ce ta Kawo Mana

A ƙasarmu labarin ya sha bamban. Lokacin da ilimin likitancin dabbobi na zamani ya iso, doki ya riga ya sauka daga matsayinsa na makamin yaƙi. Abin da ya dami Turawan mulki shi ne shanu. Bushiya, wadda ta shigo gabashin Afirka a 1887, ta iso yankinmu wajen 1890, ta share mafi yawan garken Fulani, kuma ta ci gaba da dawowa. Jangali yana cikin manyan hanyoyin kuɗin shiga na baitulmalin En'e, fatu da ƙiraga kuma suna cikin kayan da jirgin ƙasa ke kwasa daga Kano zuwa Ikko. Saboda haka aka kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya wajen 1914, aka mayar da shi Vom a 1924, inda tudu da sanyi da ƙarancin tsando suka dace da aikin haɗa maganin rigakafi. A 1941 aka buɗe makaranta a can domin horar da mataimakan likitoci, su ne mutanen karkara suka sani da malaman dabbobi.

Bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka kafa tsangayar likitancin dabbobi a Zariya a tsakiyar shekarun 1960, da taimakon malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Ibadan da Nsukka su ma suka kafa nasu, daga baya Maiduguri da Sakkwato suka biyo. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa da yawansu a Dakar suka yi karatu, a makarantar haɗin gwiwa ta ƙasashe masu magana da Faransanci da aka kafa a 1968.

Babu mai musun alherin da wannan tsari ya kawo. Gangamin allurar bushiya na haɗin gwiwa da aka fara a 1962 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi ya ceci shanu masu ɗimbin yawa. Da aka yi sakaci cutar ta dawo a 1983, na ga Bafulatani yana kuka a kan gawar shanunsa da idona. Aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, shekara 250 cif bayan izinin makarantar Liyon. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa, bayan agana. Likitocin dabbobin da ake yi wa kallon raini suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki.

Sai dai a duk tsawon wannan lokaci hankali yana kan dabbar da ke ba da nama da nono da haraji. Doki ya zauna a hannun muri, jaki a hannun mai shi, kare kuwa a hannun Allah. Ba a aiko kowa ya zauna da su mahaifinmu ya rubuta abin da suka sani ba, su ma ba su ga dalilin zuwa asibitin dabbobi ba sai abu ya ɓaci.

Abin da Ɗalibi ke Koyo

Yana da kyau malamai su san bambancin hanyoyin, domin su ne ɗalibai ke tambaya. Hanya ta farko ita ce likitancin dabbobi, wanda a jami'o'in Nijeriya ke ɗaukar shekara shida, kuma ana neman kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Ɗalibi zai koyi ƙirar jiki, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da ƙwayoyin cuta, da magunguna, da fiɗa, da haihuwa, sa'annan ya yi aiki a asibitin koyarwa. Sai Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista kafin ya fara aiki. Hanya ta biyu ita ce kimiyyar kiwon dabbobi a tsangayar aikin gona, inda ake mai da hankali ga abinci da zaɓen iri da tafiyar da gona. Ta uku ita ce wadda na ambata ta ƙasashen waje, digirin kimiyyar dawaki da dabbobin ɗebe kewa. Mai wannan digiri ba likita ba ne, ba ya fiɗa. Fanninsa shi ne ciyarwa, da hayayyafa, da halayyar dabba, da horo, da tsarin barga. In an duba da kyau, aikin muri ne aka kai shi aji aka haɗa shi da awo da gwaji.

A can zai koyi cewa goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, cewa zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, cewa kofato na bukatar gyara duk bayan mako 6 zuwa 8, kuma doki mai samun kulawa kan kai shekara 25 zuwa 30. Zai san cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ke yaɗawa, mai iri tara, wadda kan kashe har kashi 90 cikin 100 na dawakin da ba su saba da ita ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin masu folo na shigo da dawaki masu tsada daga Ajantina da wasu ƙasashe. Zai san zazzaɓin da kaska ke sa wa doki, da tetanus da ke shiga ta ƙaramin rauni ya sandarar da jiki, wanda allura ke hanawa. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki ta ɓarke a jihar Sakkwato da Nijar da wasu ƙasashen yankin, ta kashe dubban jakuna, ta bar talakawa da dama ba abin ɗaukar ruwa da taki. Jakin nan dai shi ne aka yi ta yankawa domin fatarsa, har Tarayyar Afirka ta amince da hana wannan ciniki a watan Fabrairu na 2024.

Kare da Kyanwa

Sai maganar da mahaifiyar yaron nan ta yi ta likitan karnuka. Bahaushe bai saba sa kare a ɗaki ba, kuma malamai sun yi bayanin hukuncinsa. Amma kare na nan tare da mu: na mafarauta, na makiyaya, na gadi, da wanda ba shi da mai shi. Kyanwa kuwa tsohuwar abokiyar zaman rumbu da ɗakin tsofaffi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake tsira. Louis Pasteur ya fara gwada rigakafinsa a kan mutum tun 1885, kuma masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar kan yanke. Duk malamin firamare ya kamata ya sanar da yara cewa wanda kare ya ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaura gashin karen a kan raunin. Wanda ke yi wa karen unguwa allura, 'ya'yan unguwar yake karewa.

Kammalawa

Ɗan ƙanena ya karɓi gurbin, ya gama, ya yi hidimar ƙasa. Ya gaya mini cewa sai da ya kai aji biyar kafin ya sa hannu a jikin doki mai rai, shi da kakansa muri ne. A hutun wannan shekarar na kai shi wurin wani tsoho, na ƙarshe cikin yaran mahaifinmu, wanda idonsa ya fara rauni. Tsohon ya shafa ƙafar wani bikili ya ce, "Ɗan nan, taɓa nan ka ji, akwai zafi a kofaton." Yaron ya taɓa, ya ce, "Haka ne, Baba, kuma ga abin da ke kawo shi." Suka wuni a barga, yaron na rubutu. Bayan wata bakwai tsohon ya rasu. Abin da ke cikin ɗan littafin nan shi ne kaɗai ya rage daga abin da aka koya a bargarmu.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Na farko ga malaman makaranta: idan ɗalibinku ya sami likitancin dabbobi ko kimiyyar kiwo, ku taya shi murna, ku fahimtar da iyayensa tarihin fannin. Na biyu ga masarautu da hukumomin tarihi da al'adu: a tura matasa da na'urar ɗaukar magana su zauna da sauran tsofaffin barga, a rubuta sunayen launuka da cututtuka da itatuwan magani, a miƙa wa jami'o'i su gwada, wanda ya tabbata a riƙe, mai cutarwa a bari. Na uku ga jami'o'inmu: su ƙulla zumunci da bargar sarakuna da ta hakimai da ƙungiyoyin folo da na sukuwa, domin ɗalibi ya san doki tun yana aji biyu, kuma su duba yiwuwar buɗe kwas na musamman a kan dawaki da jakuna, wanda 'ya'yan masu kula da barga za su iya shiga.

Duniya ta yaba wa hawanmu, ta yaba wa kwalliyar mahaya da kayan doki. Amma hawa ba ya yiwuwa sai da lafiyayyen doki, lafiyar doki kuwa tana hannun wanda ya haɗa idon muri da ilimin likita. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya sa abin da muka rubuta ya amfani na baya.